Azumin Jan-baki da Yarinya Mai Kyamara

Tun shekaranjiya nake jin ƙarar gwangwanaye daga gonakin bayan kanal, babbar magudanar ruwan noman rani. Shinkafa ta sunkuyar da kai, tsuntsayen jan-baki sun sauka, masu gadi suna ta ihu tun kafin hantsi. Zafin ƙarshen damina ya danne gari, irin wanda mutum zai fito daga wanka yana zufa. Duk shekarar da wannan lokaci ya zagayo sai in ji ƙishirwa ta kama ni ko da yanzu na ajiye moɗa, domin jikina bai manta da wani azumi da ya faɗo a irin wannan yanayi ba, kusan shekara ashirin da suka wuce.

A lokacin ina amarya, ban cika shekara a ɗakina ba. Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, kuma mu uku ne a ciki: ni, da maigidana Lawan, da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Ni ba na iya faɗin sunansa, Malam nake ce masa. Ni na zaɓe shi, ba wanda ya matsa mini, amma zance a ƙofar gida daban, zama a ɗaki ɗaya daban. Hirarmu ba ta wuce “ga abinci” da “sannu da aiki” ba.

Ana saura kaɗan a ga watan azumi ya ɗauko kaya a babur ta hanyar gefen kanal. An kwana ana ruwa, laka ta yi santsi, babur ya zame ya danne shi. Ƙafarsa ta dama ta karye a ƙasan gwiwa, wani ƙarfe kuma ya tsaga fatar wurin. A amalanken shanu aka kawo shi gida. Mai ɗori ya zo, maza suka riƙe shi, aka ja ƙafar, aka jera mata karare aka ɗaure. Ina ɗaki na toshe kunnuwana da zani. Mai ɗori ya ce kada ya motsa sai bayan salla.

Shinkafar da ke gona a shekarar ita ce ta farko da ya noma shi kaɗai bayan rasuwar mahaifinsa. Ta fitar da kai, ta fara ɗaukar madara, shi kuma ga shi a kan tabarma yana kallon rufin ɗaki.

Haka azumi ya same mu. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai shigo ba. Abin da ya riƙe gidan shi ne aikin turara shinkafa da ni da Inna muke yi wa 'yan kasuwa. Su kawo shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, mu jiƙa ta a duro ta kwana, da safe mu ɗora a wuta mu turara, mu baza a tamfol ta bushe. Itace jiƙaƙƙe ne, hayaƙi ya cika ido, tururi ya doki fuska, ga baki a bushe. Ƙamshin dafaffiyar shanshera da rana tsaka ga mai azumi wani irin gwaji ne. Hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya da gudu, sai ya watse ba ɗigo ɗaya, mu sake bazawa. Wani lokaci kuma ya yi kamar ba zai yi ba, ya sauko mana a kai.

Shan ruwanmu kunun tsamiya ne da kwaɗon zogale, wata rana dafaffen rogo. Ƙosai sai ranar da aka samu wake. Ruwan randa ma ɗumi yake yi. Ƙanƙara kuwa sai in Isuhu, abokin Lawan da ke aiki a injin gyaran shinkafa a Kura, ya naɗo mana guntu a buhu, ya iso rabi ya narke. Yanzu kusan kowane lungu akwai mai firjin sola, jikokin maƙwabta ma sai su ce ruwa bai yi sanyi ba. Mu a lokacin guntun nan muke zagayawa da shi daga kofi zuwa kofi.

Sai jan-baki suka zo. Wanda bai taɓa ganinsu ba zai ɗauka hayaƙi ne ya taso daga daji. Tsuntsaye ne ƙanana, ba su kai tafin hannu ba, amma in suka sauka a gona suka tashi, sai ka tarar da kan shinkafa fari fat, sun tsotse madarar. Kowane gida ya fitar da mai gadi. Mu ba mu da kowa. Isuhu da maƙwabta suka kafa mana sanduna, suka ja igiya, suka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, suka zarga zaren kaset yana walƙiya a rana. Amma igiya sai da mai ja. Da asuba Inna ta ɗaura ɗamara ta ɗauki sandarta.

Lawan ya ce, “Inna, da azumi a bakinki? A wannan ranar?”

Ta ce, “To wa zai je? Ƙafarka?”

Daga ranar aikin turarawa ya dawo kaina ni kaɗai. Inna tana dawowa gab da magariba, murya a dishe, leɓe a fashe. Shi kuma Lawan ya daina magana. An ce masa marar lafiya yana iya ajiye azumi, ya ƙi. In na kai masa kunu ya kurɓa sau biyu ya ture. Yana jin ihun masu gadi daga nesa, yana jin wata murya a ciki da ya san ta uwarsa ce, sai ya juya fuska bango.

Ana haka yayana Auwalu ya zo dubiya daga Birni, inda yake gyaran kwamfuta. Ya zauna da Lawan ya ga halin da yake ciki, sai ya buɗe jakarsa ya fito da wata tsohuwar kwamfuta irin wadda ake ninkewa. Ya ce cikin kayan gwanjo ta zo, bai samu mai saye ba tukuna.

Ya ce, “Akwai wani gem, wasan kwamfuta, a ciki da ban taɓa ganin irinsa ba. Rubutun duk na Japan ne, ba na gane ko harafi ɗaya. Wani abokin aikina ya ce wai mutum ɗaya ne ya ƙirƙira shi a ɗakinsa, shi ya yi zanen, shi ya yi kiɗan. Riƙe ta ta ɗebe maka kewa, na karɓa bayan salla.”

Lawan ya ce, “Ni yaro ne da za a kawo mini wasa?”

Yaya Auwalu bai kula shi ba, ya kunna ya ɗora masa a cinyar lafiyayyiyar ƙafar. Ni ina bakin ƙofa ina leƙe.

Wata 'yar yarinya ce ƙarama take shawagi a ƙasan gilashin. A sama akwai wata yarinyar, tana watso harsasai. Amma ba irin harsasan da muka sani ba ne. Ja da shuɗi da kore, suna buɗewa kamar fure, suna jeruwa kamar zanen hula, suna zubowa kamar an tsinke tsakiyar wuya. Yarinyar ta ƙasa ba ta da bindiga, ba ta da sanda. Kyamara ce kawai a hannunta. Aikinta ta yi ta kaucewa har fim ɗinta ya cika, sannan ta matso kusa da mai harbin ta ɗauke ta hoto. Duk harsashin da ya shiga cikin hoton sai ya ɓace, a samu wurin numfashi. Sai ta sake jira, ta sake ɗauka, har ta cika hotunan da ake so. Harsashi ɗaya ya taɓa ta, shi ke nan, a koma farko.

Lawan ya ce, “Ana harbin ta, ita kuma hoto take ɗauka? Wannan wace irin wauta ce?”

Amma ya danna. Aka kashe shi nan take. Ya sake dannawa.

Wutar lantarki ba mu ganta ba a watan nan, batirin kwamfutar kuma ya tsufa. Sai Isuhu ya ɗauki nauyi: ya biyo da safe ya tafi da ita Kura ya jona a janareton injinsu, ya dawo da ita bayan la'asar. Cajin ba ya wuce tsawon dahuwar tukunyar wake. Amma ya faɗo a lokacin da azumi ya fi ciwo, lokacin da rana ta karkata, inuwa ta ƙi tsawo, yawu ya ƙafe. Nakan kwashe shanya, in dama kunu in rufe, in shigo da sunan kawo masa mafici. Da farko ina tsaye. Daga baya na zauna a bakin tabarma. Ban san ranar da na matso har kafaɗata tana taɓa tasa ba.

“Hagu, Malam, hagu!”

“Ina gani ai.”

“Ba ka gani ba, ga shi an kashe ka.”

Ranar ce ya fara yi mini dariya tun da ya faɗi. Muka raɗa wa masu harbin sunaye tunda ba mu iya karanta nasu: Mai Tsakiya, Mai Ruwan Sama, 'Yar Gidan Masu Wuƙa. Wata rana Inna ta dawo da wuri, ta ji kiɗa, ta leƙo, ta daɗe tana kallon harsasan suna zuba. Ta ce da dishasshiyar murya, “Ita ma jan-baki ne suka same ta?” Ta fita ta bar mu.

Lawan da ƙarfi yake wasa, irin na mai riƙe garma. Ya danna ya cilla yarinyar wannan lungu, ya cilla ta wancan. Ni da nake kallo daga gefe na lura akwai wani maɓalli da in an danne shi tafiyarta take raguwa, har wani ɗan ɗigo ya bayyana a tsakiyar jikinta. Na gane ɗigon nan kaɗai harsashi yake kamawa, rigarta da gashinta ba komai. In ya tashi yin alwala a kwano, ko barcin gajiya ya ɗauke shi, sai in karɓa in gwada. Hannun da ya saba tsince tsakuwa a shinkafa bai sha wahalar bin tsakanin harsasai ba.

Azumi ya raba tsakiya, sai ƙafar ta fara ba ni tsoro. Yatsun suka kumbura suka yi sheƙi. Zazzaɓi yana zuwa da yamma. Wani ruwa yana tsattsafowa ta tsakanin kararen, ga wari da turaren wuta ya kasa rufewa. Mai ɗori ya dawo ya ce ƙashi na kamawa, shi ciwon fata ba nasa ba ne. Isuhu ya ce a je asibiti a Birni. Na aika wa Yaya Auwalu, shi ma ya ce a taho. Lawan ya kafe.

Ya ce, “In na je yanke ta za su yi. Na ga wanda aka kai da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya. Manomi da ƙafa ɗaya, me ya rage? Gara in mutu da abata.”

Inna ta yi magana, ya sunkuyar da kai kawai. Isuhu ya yi faɗa har ya yi fushi ya fita. Ni kuwa amarya, wa zai ji tawa?

A kwanakin akwai wani mataki da ya gagare shi. Mai harbin tana sakin wasu jajayen harsasai da suke taruwa kamar raga, su matse, ba ta inda za a bi. Kullum a nan cajin yake ƙarewa. Ranar nan Isuhu ya kawo kwamfutar ya ajiye ba ko sallama mai kyau. Lawan ya gwada, ga zazzaɓi a jikinsa, aka kashe shi, aka sake kashe shi. Ya ture ta gefe. Hadari ya haɗu, ɗakin ya yi duhu, ba iska ko kaɗan. Zufa tana bin bayana.

Na ce, “Malam, in na wuce maka wurin nan, za ka yi mini abu ɗaya?”

Ya dube ni. “Ke? Yaushe kika iya?”

“Ka dai amsa.”

“Mene ne?”

“Gobe ka bi Isuhu asibiti.”

Can ya ce, “Caca a watan azumi, Binta?”

Na ce, “Ba caca ba ce. Ni ba abin da zan ci. Alkawari ne.”

Ina jin ya tabbata ba zan iya ba, shi ya sa ya ce, “To, na yi.”

Na ɗora kwamfutar a cinyata. Ragar ta fara saukowa, na danne maɓallin nan, na bi ta wata 'yar kafa da ƙyar, na jira fim ya cika, na matsa sama har kusa da mai harbin, na ɗauka. Gilashin ya yi fari, harsasan suka ɓace. Na sake. Na sake. Ina jin numfashinsa a gefen kunnena. Saura hoto ɗaya, na ga fim ya cika, na yi gaggawa, wani ɗan jan harsashi da ban gani ba ya fito ta gefe ya taɓa yarinyar.

Na saki maɓallan. Hawaye suka zubo mini, ban iya ɓoye su ba. Na san ba wasan nake yi wa kuka ba, shi ma ya sani.

A waje aka fara yayyafi, ƙamshin ƙasa ya shigo. Sai na ga hannunsa, mai zafi kamar garwashi, ya miƙo ya danna maɓallin da ake sake farawa.

Ya ce, “Ai ba mu ce sau nawa ba.”

Na share ido na sake. Aka kashe ni tun a hoto na biyu. Ya sake dannawa. Fitilar batir ta fara ƙyaftawa. A karo na gaba ban yi sauri ba, na bar ragar ta matso har na ga kamar ta rufe ni, sannan na ɗauka. Da hoton ƙarshe ya fita, kiɗan ya canza, wani rubutu ya bayyana da ba mu san me ya ce ba. Ko gama kallonsa ba mu yi ba kwamfutar ta mutu. Daga masallaci aka kira salla.

Inna ta shigo jiƙe sharkaf. Lawan ya karɓi kunu ya shanye kofin tas, ya ce, “Inna, a aika wa Isuhu ya nemo mota.” Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, “Alhamdulillahi,” ta juya ta fita aiken da kanta.

A asibiti suka ɗauki hoton ƙashin. Likita ya ɗaga shi a haske ya ce ɗorin ya zauna, sai ɗan karkata kaɗan, amma ciwon ya ci ciki, da an ƙara jinkiri da labarin ya canza. Suka wanke, suka yi ta allurai, suka naɗe ƙafar da farin filasta mai tauri, suka bar wata 'yar taga a wajen ciwon. A can ya yi sauran azumin, Yaya Auwalu yana kwana da shi. Ana jibi salla aka dawo da shi, ya rame, amma da ƙafarsa biyu. Har yau yana ɗan ɗingishi, in damina ta yi nisa ƙafar tana yi masa tsami.

Bayan salla aka yi mana gayya. Yanzu injin girbi ne yake shiga gona ya fito da buhuna kafin azahar. A lokacin lauje ne, da duro da ake buga dami a jikinsa. Maza suka taru tun da sassafe, Isuhu a gaba, har da Fulanin da ke zaune a bayan gonarmu, waɗanda Lawan yake bar wa karan shinkafa saboda shanunsu. Ni da matan maƙwabta muka tuƙa tuwo, aka kai musu a kai. Jan-baki sun ci gefen da ke nesa da rumfar da Inna take gadi, sun ci sosai. Amma abin da ta tsare ya shigo gida, ya kai mu har girbin rani. Muryarta ba ta dawo daidai ba sai da sanyi ya shiga.

Ranar da na jiƙa shansherar gonarmu ta farko, Yaya Auwalu ya zo karɓar kwamfutarsa, ya samu mai saye. Mun wuce matakai da yawa a lokacin, amma akwai wasu a can gaba da ko buɗe su ba mu kai ga yi ba. Ya kunna don ya duba lafiyarta, sai ga hotunanmu a jere. Ashe wasan yana ajiye wanda ya fi kyau a kowane mataki. Lawan yana nunawa da yatsa.

“Wannan nawa ne. Wannan ma. Wannan na ƙanwarka ne, ka ga yadda ta shige har ƙarƙashin hancinta.”

Yaya Auwalu ya yi dariya ya ce, “To ku gama kallo. In na koma goge komai zan yi, mai saye ya same ta fes.”

Lawan ya ce, “Don Allah kada ka goge.”

“Me zai yi da su? Bai san ku ba.”

“Ko bai san mu ba. Ka bar masa. Ya buɗe ya ga wasu sun riga shi shan wahala a wurin, kuma sun wuce.”

Yaya Auwalu ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ce to, zai bari. Ya ninke ta, ya naɗe a tsumma, ya ɗaure a bayan babur. Lawan ya dogara sandarsa ya raka shi har ƙofar gida, karo na farko da ya taka zaure da kansa. Ban sake ganin wasan nan ba, ban kuma taɓa sanin sunansa ba. Muna jin ƙarar babur ɗin tana nisa ta hanyar kanal, Inna ta ƙwala mini kira daga bayan gida, wai in zo in duba wuta, duron ya fara tururi.